Ɗana direba, ka san ƙasar da sarƙa ke yi wa aiki

Ɗana, kai da aka damƙa wa tarakta ko motar ɗaukar itace a ƙasar Morai, matso ka ji kafin ruwan Agusta ya kankama. Wataƙila ka gani a waya yadda masu saran katako a Kanada da Finlan ke ɗaura wa tayoyin injinansu sarƙa, su ratsa daji da lodin gungume ba su kafe ba. Gaskiya ne. Amma ka dubi abin da suke takawa: ƙanƙara, duwatsu, saiwoyi. Sama santsi, ƙasa tauri. Sarƙa takan huda santsin ta cafki taurin, iyakar aikinta ke nan.

A nan ma akwai irin wannan wuri. Hanyar burji da ruwa ya jiƙa samanta, ko gangaren rafi a dazukan Maradun, sarƙa za ta fisshe ka. Ka sa ta a tayoyin da ke tura mota, dama da hagu, kada ka sa wa ɗaya ka bar ɗaya. Ka ɗaure tamau, ka ɗan gusa, ka sauko ka ƙara ɗaurewa, domin sarƙa mai sako-sako tana iya tsinke tiyon birki. Ka tafi da babbar giya, a hankali. Da ka hango kwaltar Gusau zuwa Sakkwato, tsaya ka kwance ta.

Fadamar Bakolori kuwa wani abu ne daban. Tun da aka gama madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka tsara shayar da kusan hekta 23,000 tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, gonakin shinkafar nan suna shan ruwa rani da damina. Lakarsu ta jiƙa har can ƙasa, babu taurin da sarƙa za ta kama. In ka shiga kana taka totur, taya ba tafiya take ba, kabarinta take haƙa, har cikin tarakta ya zauna a taɓo. Abin da wurin ke so shi ne faɗi: ka rage lodi, ka ɗan rage iska, ka sa tayar ƙarfe mai kama da keji in maigidanka yana da ita. In babu, ka haƙura kwana biyu ƙasa ta tsane. Ramin da ka bari gonar wani bawan Allah ce, kuma bakin magudanar ruwa da ka zubar na jama'a ne.

Ga wadda ta fi damuna. Ranar da aka kira ka jawo motar da ta kafe, don Allah kada ka ɗaura sarƙa sama da gindin tayoyin baya. Ka maƙala ta a ƙarfen ja na ƙasa, wanda aka yi domin haka. In ka ɗaura sama, abin da kake ja ya ƙi motsi, gaban tarakta ne zai tashi, ta kife ta baya a kanka kafin ƙafarka ta kai kuloci. Kada ka fizga, ka ja sannu. Sarƙar da aka yi wa gyara da waya ko ƙusa, ka ƙi ta ko maigida zai yi fushi. Kuma yaron motarka da yaran gari masu kallo, ka kore su nesa da sarƙar tukuna, sannan ka sa giya.