Duba Tukuna, Kafin Fenti Ya Bushe

Karatu: Luka 7:36-50
Ayar riƙewa a zuci: Luka 7:44

Kafin mu fita mu gamu da fuskokin da ke jiranmu yau, bari mu leƙa ajin masu koyon zane, domin abin da suke fama da shi ya shafe mu duka.

Idan aka zaunar da mace gaban sabon ɗalibi aka ce ya zana ta da fenti, yakan kalle ta sau ɗaya, sai ya duƙufa kan allonsa. Bayan sa'a guda ya ɗago kai. Ga idanu biyu, ga hanci, ga baki, ga fata da ya shafe da ruwan ƙasa iri ɗaya tun daga goshi har wuya. Komai ya cika, amma ba ita ba ce. Fuskar da yake ɗauke da ita a ka tun yana firamare ita ya sauke a allon. Tabon da ke gefen girar matar, da idonta na hagu da bai kai na dama buɗewa ba, da yadda leɓenta ke karkacewa in tana danne dariya, duk ba su shiga ba. Shi ya sa malaman zane ba sa gajiya da faɗa wa ɗalibai cewa ido ya fi daɗewa a kan mai fuskar fiye da kan allo.

Masu koyo da yawa a yau da fentin akirilik suke farawa. Fenti ne na zamani. A ƙarshen shekarun 1940 Leonard Bocour da Sam Golden suka fara sayar wa masu zane irinsa a New York, a 1955 kuma Liquitex ya fito a Amurka, wanda da ruwa kawai ake sirka shi. Ba shi da warin man sirki, ana kuma wanke burushi da ruwa da sabulu. Sai dai yana da halinsa: saurin bushewa. Fentin mai yakan yi kwanaki yana ɗanye, mai zane ya tafi ya dawo ya gyara. Akirilik kuwa, shafi marar kauri cikin minti 10 zuwa 20 ya kama, a iskar hunturu ma ba ya kai haka. Da zarar ya bushe, ruwa ba ya narkar da shi. Yakan kuma ƙara duhu, domin ruwan robar da ke riƙe da launin fari-fari ne yana ɗanye, sai ya koma garai-garai bayan ruwan ya tashi. Wanda ya shafa kafin ya duba, kuskurensa ya daskare kafin ya farga, ya kuma fi yadda ya yi niyya duhu.

To, me ake gani idan an tsaya an duba? Abubuwan da ke ƙaryata zato. Kusan kowane sabon hannu yakan kai idanu can sama kusa da gashi, alhali in an auna daga tsakar kai zuwa haɓa, a tsakiya suke. Tsakanin ido da ido akwai kimanin faɗin ido guda. Kunne yakan tashi daidai gira ya ƙare daidai ƙasan hanci. Waɗannan ma jagora ne kawai, gama kamannin mutum yana inda fuskarsa ta saɓa wa ma'aunin. Don haka za ku ga mai zane ya miƙe hannu riƙe da fensir, ya runtse ido ɗaya, yana auna tazarar hanci da leɓe da babban yatsa.

Sai launin fata. Mu mun saba raba mata kashi uku: baƙa, fara, wankan tarwaɗa. Amma a zaunar da wadda ake ce wa baƙa kusa da taga da hantsi. Goshinta zai ɗauki shuɗin sararin sama, kumatunta su nuna ja mai zurfi, ƙarƙashin haɓarta ya yi shunayya, gefen wuyanta kuma ya ari ruwan ɗorawar gyalenta. Farin ido ma toka-toka ne, da inuwar fatar ido kwance a samansa. In aka matso baƙin fenti tsagwaronsa aka shafa a wurin inuwa, fuska takan mutu. Gwanaye sukan haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu. Marigayi Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya yi suna da zanen mata cikin shuɗi da shunayya, kuma ba wanda ya taɓa cewa matan nasa ba su da rai.

Asirin yana cikin tambayar da mai zane ke fara yi wa kansa: daga ina haske yake zuwa? Yakan fara da launi ɗaya, ruwan ƙasa da aka tsinka da ruwa, ya shimfiɗa inda duhu yake, ya bar inda haske ya sauka. In wannan ya daidaita, ko kore aka ɗora a kunci, wanda ya san matar zai ce, ai wance ce.

Yanzu mu shiga gidan Siman Bafarisiye. Ya gayyaci Yesu cin abinci. A al'adar wancan zamani kishingiɗa ake yi a bakin teburi, ƙafafu a miƙe ta baya, shi ya sa matar da ta shigo ta iya tsayawa daidai ƙafafun Yesu. Luka bai faɗi sunanta ba, bai kuma faɗi irin zunubinta ba. Ya dai nuna cewa gari ya san ta da shi. Ta zo da tulun turare. Kuka ya ci ƙarfinta, hawayenta ya jiƙa ƙafafun Ubangiji, ta goge su da gashin kanta, ta sumbace su, ta shafa musu turaren.

Siman bai ce uffan ba. A zuci ya gama aikinsa, har mutum biyu ya zana a lokaci guda: ita mai zunubi ce, baƙon nasa kuma ba annabi ba ne, tunda bai gane wadda ke taɓa shi ba. Launi ɗaya ya ishe shi ya rufe mace sukutum.

Yesu ya ba shi misalin mutum biyu da ake bin su bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50. Dinari kuwa ladan yini guda ne na ɗan ƙodago, wato bashin na farko ya kai aikin shekara ɗaya da rabi. Dukansu ba su da abin biya, aka yafe musu. Wa zai fi ƙaunar mai yafewar? Siman ya amsa daidai, gama ba ilimi ya rasa ba.

A aya ta 44 Luka ya lura da wani abu da bai kamata ya wuce mu ba. Yesu ya juya fuskarsa wajen matar, amma da Siman yake magana, ya tambaye shi ko ya gan ta. A ɗakin nan wa ake kallo in ba ita ba? Duk da haka Siman bai gan ta ba, sunan da gari ya ba ta ya gani. Sai Ubangiji ya nuna masa yadda ake duba, abu bayan abu. Ruwan wanke ƙafa da mai gida bai kawo ba, hawayenta ya biya. Sumbar maraba da bai yi ba, ita ta yi. Man shafawa a kai da ya hana, ta mayar da turare. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana. Siman ya shimfiɗa tabarma, amma wadda ba a gayyata ba ita ta yi aikin mai masauki.

Mu lura, Yesu bai share inuwar ba. Ya faɗa a fili cewa zunubanta suna da yawa, domin fuskar da ba inuwa a cikinta ba ta kama da kowa. Inda suka rabu da Siman shi ne wajen da haske ya fito. Siman ya haska ta daga jiya, sai duhu ya cika fuskar. Yesu ya haska ta daga gafarar da ta samu, sai ga tuba, ga ƙauna, ga bangaskiya, duk suna nan a fuskar da gari ya daɗe yana kallo bai gani ba. Ta shigo da sunan da aka laƙaba mata, ta fita da salama.

Kada mu yi saurin yi wa Siman dariya, gama ikilisiya ma ta taɓa yin irin wannan gaggawa. A shekara ta 591 Paparoma Giregori Babba ya yi wa'azi a Roma, ya haɗa matar nan marar suna da Maryamu Magadaliya, ya mai da su mace ɗaya. Luka kuwa ya ambaci Magadaliya a babi na 8 a matsayin wadda aka fitar wa aljanu bakwai, bai ce komai game da lalata ba. Ikilisiyoyin Gabas ba su karɓi haɗin ba, amma a Yamma ya bushe ya kama. Masu zanen Turai, har da Titian na Italiya, suka yi ta zana Magadaliya da gashi a kwance da tulun turare a gefe. Sai a 1969 Cocin Katolika ta gyara kalandarta ta raba su, a 2016 kuma Paparoma Faransis ya ɗaga ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, ta zama idi. Kusan shekara 1,400 Magadaliya, wadda ta fara ganin Ubangiji bayan tashinsa, ta yi tana ɗauke da launin da ba nata ba.

Mu fa? Yarinyar da ta yi ciki aka sa ta a horo, ta zauna a bencin baya wata da watanni, ta tuba, dattawa suka karɓe ta. Shekaru sun wuce, tana koyar da yara a makarantar Lahadi, amma in ana kwatanta ta a zumuntar mata har yanzu da wancan ake farawa. Wadda aurenta ya mutu, wadda ba ta haihu ba, gwauruwar da aka ga ta sa sabon zane, yarinyar da ke mana wanke-wanke wadda ba mu san sunan ƙauyensu ba, kowace mun shafa mata launi ɗaya mun wuce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Misalin masu bashin nan yana tuna mana cewa mai 50 ma bai iya biya ba.

Akwai sauƙi guda da akirilik ke da shi, wanda masu koyo ke murna da shi: saboda yana bushewa da wuri kuma yana rufewa, ana ɗora sabon shafi kan tsoho. Ido ya karkace? A bari ya bushe, a rufe, a sake aunawa, a sake zanawa. Hukuncin da muka yanke wa mutum shekara goma da suka wuce, yau ma ana iya sake shi. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne burushin da aka bari fenti ya bushe a cikin gashinsa, yakan sandare ya ƙi lanƙwasa. Shi ya sa mai zane ba ya raba burushi da kofin ruwa, mu kuma ba ma raba zuciya da addu'ar safe.

Ke kuma 'yar'uwa da kika san nauyin sunan da aka laƙaba miki, ki tuna da Hajaratu a Farawa 16. Baiwa ce, baƙuwa daga Masar, mai juna biyu, ta gudu cikin jeji. A bakin maɓulɓula mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya kira ta da sunanta, ita kuma ta shaida cewa Allah mai ganinta ne. Yadda ya gan ta, haka yake ganinki, da inuwarki da haskenki duka, kuma ba daga bakin unguwa yake karɓar labarinki ba.

Abin yi yau: Ka zaɓi mace ɗaya da ka riga ka gama yanke mata hukunci, a gida, ko a kasuwa, ko a wurin aiki, ko a majami'a. Ka gaishe ta da sunanta. Ka tambayi lafiyar gidansu, ka tsaya ka ji amsar. Kafin dare ka nemo abu uku na alheri da take yi waɗanda ba ka taɓa lura da su ba, ka gode wa Allah dominsu, in ya yiwu ka faɗa mata ɗaya.

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode da ka tashe mu lafiya. Kai ne ka siffata kowace fuska da za mu gani yau. Ka gafarta mana saurin hukunci da maganganun da muka yi a kan bayinka mata ba tare da mun san su ba. Ka tuna mana girman bashin da ka yafe mana. Ka ba mu haƙurin dubawa kafin magana, da tawali'un gyara abin da muka ɓata. Waɗanda aka ɓata musu suna, ka share musu hawaye, ka ɗaga kansu. Ka kiyaye fitarmu da shigarmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.