Hali Zanen Dutse: Me Mai Hawan Tsauni Ya Kamata Ya Bari a Bayansa?

Ranar 25 ga watan Mayu na shekarar 1955, wasu Turawan Birtaniya biyu, Joe Brown da George Band, suka iso daf da ƙololuwar tsaunin Kangchenjunga da ke kan iyakar Nepal da Sikkim. Tsauni ne mai tsawon mita 8,586, shi ne na uku a tsawo a duniya, kuma babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa hawansa kafin wannan rana. Brown ya kama wata tsagar dutse ya haura, ya ja wa abokinsa igiya. Abin da ya rage tsakaninsu da ƙololuwa bai wuce 'yan taku ba. Sai suka ja suka tsaya, ba su taka ba.

Dalili shi ne alkawari. Shugaban tafiyar, Charles Evans, ya je wurin sarkin Sikkim kafin su fara hawa, ya yi masa alkawarin ba za su sa ƙafa a kan ƙololuwar ba, domin mutanen ƙasar suna ɗaukar ta wuri mai tsarki. Washegari wasu biyu daga cikin tawagar, Norman Hardie da Tony Streather, suka iso wurin, su ma suka tsaya inda 'yan'uwansu suka tsaya.

Abin da ke ɗaure mini kai a wannan labari shi ne, sarkin ba ya nan, ba dogari, ba ɗan rahoto. Makonni suka yi suna cin baƙar wuya cikin sanyi da ƙarancin iska. Da sun ƙarasa takun nan, wa zai sani? Tambayar da nake so mu tattauna ke nan: a wurin da babu idon kowa, kuma babu wani mutum takamaimai da za a nuna a ce shi ka cuta, shin akwai sauran hakki a kanka?

Tsaunin Everest ya nuna mana abin da ke faruwa idan kowa ya amsa da cewa babu. Tun da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwarsa a 1953, dubban mutane sun bi sawunsu. Kowane ɗaya ya zo da tanti da gwangwanin abinci da igiya da tulun iskar oksijin, kuma da yawa sun sauko sun bar su a can. Mafi muni shi ne bayan gida. A ƙasa, ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da shi ya koma turɓaya, amma a sansanin ƙarshe da ke kusan mita 8,000 sanyi ba ya barinsu su yi aiki, sai ya daskare ya zauna shekara da shekaru. A sansanonin da ke ƙasa da shi kuwa, ƙanƙarar Khumbu da ake kwana a kanta narkewa take yi, ruwanta ya gangara zuwa kwarin da ƙauyukan 'yan ƙabilar Sherpa suke. Abin ya kai a 2014 gwamnatin Nepal ta kafa dokar cewa kowane mai hawa ya sauko da shara kilo 8, a 2024 kuma ƙaramar hukumar yankin ta wajabta wa kowa ya yi bayan gidansa a cikin jaka ta musamman ya sauko da abinsa.

Ka lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya tashi da niyyar ɓata tsauni. Kowa tulu ɗaya ya yar, ya ce ina tulu ɗaya zai kai a wannan makeken dutse? Gaskiyarsa kuwa, tulu ɗaya ba komai ba ne. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na bayansa ma haka zai ce, har ma ya fi shi hujja, tunda ya tarar da tulu a yashe. Wanda ya fara yarwa bai tsaya a ƙazanta wuri ba, ya buɗe wa na baya ƙofa. Saboda haka zancen cewa ba a cuci kowa ba bai taso ba. An cuci mai shan ruwa a gindin tsauni, an cuci wanda zai zo baɗi, an cuci ɗan dakon da za a tura ya kwaso. Rashin sanin sunayensu bai rage komai daga hakkinsu ba.

To amma a yi adalci, masu ɗaya ra'ayin suna da magana mai nauyi. Sama da mita 8,000, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda yake samu a bakin teku ba. Ƙwaƙwalwa na rikicewa, yatsu na mutuwa. Mutumin da guguwa ta rutsa da shi a nan, ya yanke igiya ya bar tanti ya tsira da ransa, wa zai ce ya yi laifi? Rai ya fi tanti. Kuma kwaso shara daga can ba kyauta ba ne, wani ne zai kasada da ransa. A watan Afrilu na 2014, zaftarewar ƙanƙara ta hallaka ma'aikata 16 'yan Nepal a hanyar Khumbu, suna ɗauke da kayan masu hawa. Duk ƙarin sawu ɗaya a wannan hanya ƙarin haɗari ne.

Na yarda da wannan, larura tana halatta abin da aka hana. Sai dai larurar mai hawan tsauni daban take da ta wanda ambaliya ta ci gidansa. Shi da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa, bayan ya daɗe yana shiri. Ya san tun yana gida cewa zai ci, zai sha, zai zaga. Idan ba a kama shi da laifin abin da ya yi a cikin guguwa ba, ana iya tambayarsa abin da ya tanada kafin guguwar. Wanda ya yi lissafin yadda kaya za su hau, bai yi lissafin yadda za su sauko ba, tun a ɗakinsa ya yanke shawarar barinsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wanda ya biya irin wannan bashi da aljihunsa. Yvon Chouinard maƙeri ne kuma mai hawan duwatsu a Amurka. Sana'arsa ƙera ƙusoshin ƙarfe da ake bugawa da guduma a cikin tsagar dutse a ɗaura igiya, kuma su ne mafi yawan cinikin kamfaninsa. Da ya koma wasu hanyoyi a duwatsun Yosemite, sai ya tarar yawan bugawa da cirewa ya farfashe tsagogin, ya bar ramuka a jere. A 1972 kamfaninsa ya fito fili ya yi kira ga masu hawa su bar ƙusa su koma ga wasu 'yan ƙarafa na alminiyam da ake cusawa a tsaga da hannu, a zare su da hannu, dutse bai ji ciwo ba. Ba hukuma ce ta tilasta masa ba, ido ne ya gani, zuciya ta ƙi. Hausawa na cewa hali zanen dutse, wato ba ya goguwa. A Yosemite karin maganar ta zama zahiri, domin ramukan nan suna nan har gobe, suna ba da shaidar halin waɗanda suka wuce.

Yawancin masu hawa ba za su taɓa zuwa Everest ba. Tasu jarrabawar a sansani take, a gindin dutse, inda ake kafa tanti a kwana kafin a hau da asuba. Ƙa'idojin da masu wannan harka suka yarda da su ba su da wuya. Ka kafa tanti a inda wasu suka riga suka kafa, ko a kan fa, ko tsakuwa, kada ka murƙushe sabuwar ciyawa, domin tsiron kan tsauni a hankali yake girma. Idan za ka zaga, ka yi nisan kamar taku saba'in daga ruwa da hanya, ka haƙa rami mai zurfin kusan taƙi guda, ka rufe. Inda ƙasa ba ta haƙuwa, ka ɗauko abinka. Ka dafa abinci da risho maimakon sare itace, in kuwa ka hura wuta kada ka tafi sai tokar ta yi sanyi a hannunka. Kada ka bar wa namun daji ragowar abinci, sabo da abincin mutane shi ke jawo su cikin sansani har a kai ga kashe su. Idan an ce an rufe wani ɓangare domin tsuntsaye na kwanci, ka haƙura da shi.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai zama baƙo ga wanda ya tashi a gidan tarbiyya. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwar da suke hutawa, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Malamai ba su ce sai hanyar da ka san masu binta ba. Da wannan ma'auni ya kamata mu dubi namu duwatsun, irin su Dala da Goron Dutse a Kano da Kufena a Zariya. Duk wanda ya hau ya sha ruwan leda ya yar, ko ya ɗauki fenti ya rubuta sunansa a jikin dutsen da ya girmi kakan kakansa, tambayar da ta fuskanci Brown da Band ita ce ta fuskance shi, sai dai amsarsa ta bambanta.

Turawa sun daɗe suna kiran kai wa ƙololuwa cin tsauni da yaƙi. Ina ganin kuskuren daga wannan kalma ya faro, domin wanda ya ci gari da yaƙi yana ganin ganima halal ce gare shi. Mai hawa kuwa mintoci kaɗan yake yi a sama ya juyo, tsauni na nan yadda yake. Matsayinsa na baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Baƙon kirki in zai tafi yakan naɗe tabarmar da aka shimfiɗa masa, ko da maigida ya fita, ko da ya san ba zai sake komowa garin ba. Har yau tarihi na lissafa Brown da Band a matsayin waɗanda suka fara hawan Kangchenjunga, 'yan takun da suka bari ba su rage musu komai ba.