Rumfar Dara: Wa Ke Da Alhakin Faɗuwar Yaro?

A ce yau an kira mu, an ba mu fili a tsakiyar unguwa, an ce mu tsara rumfar jama'a wadda siffarta za ta fito daga wasan dara. Aikin ba zai yi wuyar farawa ba. Darar da aka fi sani gurabe 30 gare ta, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Sai mu mayar da kowane gurbi dakali, wani gajere wani dogo, tsofaffi su zauna a inuwar ƙasa, yara su riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan har su kai ƙololuwa.

To, a nan ne tambayar take. Duk abin da ake hawa, ana faɗowa daga kansa. Shin ya halatta mu gina abin da muka san wata rana zai gurje gwiwar ɗan wani?

Wasu za su ce a'a, a daddaɓe komai ya zama bai-ɗaya da ƙasa. Mu da muke koyarwa mun san ƙarshen wannan shawara. Yaron da aka hana hawan dakali ba ya daina hawa. Katangar makaranta yake komawa, ko bishiyar darbejiya, inda babu mai ganinsa.

Amsar, a namu ganin, tana cikin darar kanta. Dara ba caca ba ce. Babu abin da aka ɓoye, duk 'ya'yan suna shimfiɗe a gaban kowa. Wanda aka ci, da idonsa ya ga gurbin, da hannunsa ya matsa. Shi ya sa cinyewar take zama darasi. Haka ya kamata rumfar ta kasance. Tsayin da yaro zai iya gani, ya auna, ya yanke wa kansa shawara, wannan haƙƙinsa ne, a bar masa. Amma ƙusa mai tsatsa, da katakon da gara ta ci, da ramin da kai zai maƙale, da siminti a wurin da ya kamata a zuba yashi, waɗannan ha'inci ne, kuma alhakinsu na wuyan magini.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Daga 1947, Aldo van Eyck ya tsara filayen wasa fiye da 700 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, da sandunan ƙarfe na hawa da ramukan yashi, akasarinsu ba tare da shinge ba. A 1989 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wasa cikin haƙƙoƙin yara, a sashe na 31 na yarjejeniyarta, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, in muka gina rumfar nan sannan muka kafa mata allon "Ba a hawa", dara ta ci gida ke nan: mun ari sunan wasa mun binne wasan. Mu auna kowane dakali da tsawon ƙafar yaro, mu zuba yashi mai kauri, mu dinga duba ginin bayan kowace damina. Sauran kuma mu bar wa yaran. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.