Satin Da Aka Rataye Sambol

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan, da wuya a ce bai san sambol ba. A wani wuri ƙashin jaki ne, a wani wuri ƙoƙon kan akuya. Namu gwangwanin tumatir ne da aka huda aka zura ma igiya. Dokarsa ɗaya ce: in aka ji ka kana Hausa cikin aji ko a filin lakwal, sai a rataya maka shi a wuya. Kai kuma ba ka da mafita sai ka kama wani yana Hausa ka miƙa mishi. Wanda lokacin tashi ya iske da gwangwani a wuya, shi ne mai sharar aji, wata rana har da bulala biyar.

Zan ba ku labarin sati ɗaya da na yi ina CM1 a wata lakwal ta bayan garin Maraɗi. Satin nan ya bar mini tambaya: abin da ake hukunta yaro a kansa wata tara, in aka zo aka yi mishi biki na kwana biyar, bikin nan gaskiya ne ko yaudara?

Sai na fara da laifina. Ran Juma'ar da ta gabaci satin, gwangwani yana wuyana tun safe, ga lokacin tashi ya matso. Akwai wani yaro da muke benci ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya gano ma kansa dabara: ba ya magana kwata-kwata. Ba Faransanci, ba Hausa. Tun watan Oktoba da aka koma, in ka ji muryarsa to kiran suna ake. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "An aiko daga gidanku, wai innarka ta faɗi." Ya zabura ya ce, "Wa ya gaya maka? Yaushe?" Nan take na cire igiya na zura mishi a wuya. Ya sha bulalarsa, ya share aji, ya ruga gida a guje. Ya iske innarsa lafiya lau tana suyar ƙosai.

Ran Litinin mushe ya shigo, ya karɓi gwangwanin daga wuyan yaron ya rataye shi ga wata ƙusa kusa da allo. Ya juyo ya ce, "Yara, wannan sati babu sambol." Da Hausa ya faɗa! Aji ya yi tsit, sannan aka kwashe da dariya, dan ba mu taɓa jin Hausa a bakinsa ba, ga ta kuma Hausar Adar. Ya ce ran Alhamis 16 ga watan Yuni ranar yaron Afirka ce, kuma ajinmu ne zai yi wasa gaban iyaye.

Ya ba mu tarihin ranar. A 16 ga Yuni 1976, a Soweto ta Afirka ta Kudu, dubban ɗalibai baƙar fata suka fito kan titi saboda gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta a koya musu wasu darussa da harshen Afirkans. Ƴan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda aka fara kashewa akwai Hector Pieterson, ɗan shekara 12. A 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsaida ranar dan tunawa da su. Mun ji tausayi ƙwarai, wasu ƴan mata har da hawaye. Amma wallahi babu ɗayanmu da ya ɗaga kai ya dubi ƙusar nan. Ana ba mu labarin yaran da suka mutu a kan harshen karatu, gwangwaninmu yana lilo bisa kan mai ba da labarin. Sai da na girma na haɗa abubuwan biyu.

Talata aka yi lissafin kuɗin karo-karo. Mu 64 ne, kowa zai kawo dala ashirin, wato 100 F, dan a sayi shinkafa da mai da sukarin zoɓo. Mutum 57 suka kawo. Mushe ya rubuta a allo ya ce, nawa ke nan? Muka duƙa kan alluna muna jera lambobi. Kafin in gama layi na farko sai na ji murya a gefena: "Jika biyar da dala ɗari da arba'in." Maƙwabcina ne. Mushe ya gama nashi lissafin ya samu 5.700 F. Daidai. Ya sake jefo mishi wani: in an sayi mai na jika ɗaya da dala saba'in, nawa ya rage? Ya amsa tun mushe bai rufe baki ba. Yaron da kullum sifili yake samu a lissafi, ashe shi ke riƙe ma innarsa cinikin ƙosai tun yana CP. Ku tuna fa, lissafinsa ya fi namu wuya, dan mai ƙirga da dala kullum sai ya raba ko ya ninka da biyar kafin ya kai ga abin da ke rubuce a jikin kuɗin.

Laraba muka yi gwajin wasan kwaikwayo. Labarin wani uba ne da ya hana ɗiyarsa zuwa lakwal. An ba ni matsayin uban, tunda ni ne mai ƙoƙari, sai na tsaya ƙiƙam kamar mai karanta dikte. Mushe ya ce a gwada wani. Maƙwabcina ya ɗaure ɗankwalin wata yarinya a ka kamar rawani, ya duƙa, ya gyara murya, sai ga tsoho sak. Abin da ba a rubuta mishi ba ma sai da ya ƙara.

Alhamis fili ya cika. Iyaye mata bisa tabarmi, maza ƙarƙashin dogon yaro, darakta da mai unguwa kan kujeru. Ƴan mata suka yi gaɗa, ƴan CM2 suka yi waƙa da Faransanci, sannan muka fito. Duk kalmar da tsohon nan ya faɗa sai fili ya ɗauka da dariya. Da aka gama wani dattijo ya manna mishi dala hamsin a goshi. Innarsa tana can baya ta rufe baki da gefen zane. Muka ci dafa-duka, har da mutum bakwai ɗin da ba su biya ba, shi ma yana cikinsu.

Juma'a aka karanta sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ni na zo na 4. Shi ya zo na 61. Ran Litinin mushe ya miƙa hannu ya sauko da gwangwani daga ƙusa, maƙwabcina kuma ya koma shirunsa.

To, mu dawo kan tambayar. Na daɗe ina ganin abin munafunci ne tsagwaronsa. Na ce an fiddo harshenmu kamar yadda ake fiddo kayan Salla, a sa kwana biyu a ninke a mayar akwati. An yarda Hausa ta isa a yi dariya da ita, ta isa gaɗa, amma ba ta isa a auna hankalin yaro da ita ba. In haka ne, bikin ya ƙara ma abin muni, dan ya koya mana cewa harshen gida na wasa ne, na Bature kuma na aiki.

Sai dai da na ƙara shekaru na ga ban yi ma mushe adalci ba. Jarrabawar da za ta kai mu kolej da Faransanci ake yin ta. Ɗan ma'aikaci yana jin Faransanci a gida, a rediyo, a bakin babansa. Ɗan mai ƙosai ba shi da inda zai ji shi sai cikin awoyin nan na aji. Mushe shi kaɗai ne gaban yara 64, littafi ɗaya mutum uku ko huɗu. Shi ma da sambol aka koya mishi, kuma yana ganin da shi ya zama abin da ya zama. Ba ƙiyayya ta sa shi ba, tsoro ne kada mu faɗi. Ni kaina da nake wannan rubutu, Faransancin nan ne ya kai ni inda nake zaune yau. Wanda ya ce a watsar da shi gaba ɗaya, ɗan talaka zai fara cuta.

Amma kyakkyawar niyya ba ta wanke komai da komai. Sambol bai koya ma maƙwabcina kalma ɗaya ta Faransanci ba, shiru ya koya mishi. Ni kuma ya koya mini in yi ma abokina ƙarya a kan mahaifiyarsa dan in tsira da bayana. Duk dokar da ba ka kuɓuta daga gare ta sai ka jefa ɗan uwanka, tana karantar da wani darasi da ba ya cikin tsarin karatu, kuma yara suna haddace shi fiye da dikte. Ina zargin sambol, amma bakina ne ya yi ƙaryar. Akwai yaran da suka gwammace su sha bulala da su yi abin da na yi.

Ga inda na tsaya yanzu. Satin nan ba yaudara ba ne, shaida ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Cikin kwana biyar kowa ya ga abin da ke cikin kan yaron nan: mushe ya gani, darakta ya gani, mu ma mun gani. Kafin satin ana iya cewa ba a sani ba, an ɗauka daƙiƙi ne. Bayan satin wannan uzuri ya ƙare. Saboda haka ba na ganin laifin Alhamis. Litinin ɗin da ta biyo baya nake tuhuma, ranar da aka san gaskiya kuma aka ci gaba kamar ba a sani ba. Darajar kowane biki tana ga abin da ya canza bayan an naɗe tabarmi.

Kuma ba a rasa wata hanya ba. Tun 1973 aka buɗe ajin gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya kira Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardu sun yi nisa. Sai dai takarda ma tana iya zama irin satinmu, a yi mata guɗa a rataye ta ga ƙusa. Kuma mu masu Hausa mu kula: ɗan Bazabarme, ɗan Bafillace, ɗan Buzu da ɗan Babarbare suna nan cikin azuzuwanmu. In muka cire gwangwani daga wuyanmu muka rataya musu, ba mu fahimci kome ba daga labarin Soweto.

Maƙwabcina bai wuce CM2 ba. Yau yana da shagon kayan babur, yaransa biyu a shago, ni kuma har yanzu kuɗin hoto-kwafi na kan gagare ni. In takardar Faransanci ta zo mishi, ni yake kira in karanta. Bara na tuna mishi da abin da na yi, na roƙe shi gafara. Ya yi dariya ya ce bulalar kam ya manta da ita, gudun da ya yi zuwa gida ne bai manta ba. Ya ce ya yafe. Na yi godiya, amma ban ji nauyin ya sauka duka ba.

Da yawa cikinmu za mu riƙe alli nan gaba, ko da a kwantaragi ne. Wasu ma tun yanzu suna koya ma ƙannensu karatu da dare. Roƙona kaɗan ne. In yaro ya yi shiru, kafin ka rubuta mishi sifili ka tambaye shi da harshen da yake ji, ka ga ko lissafin ne bai iya ba ko kuwa tambayar ce bai gane ba. Ka koya mishi Faransanci da gaske, dan zai buƙace shi, amma kada ka sa shi gadin bakin ɗan uwansa. In kuma ranar biki ta nuna maka wani abu game da ɗalibinka, ka shigo da shi aji ran Litinin.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma yafe ma malamanmu da mu baki ɗaya.