Ɗiyar ɗan leƙen asiri: tsakanin gaskiya da amana

Duk wanda ya san gidajen kallon bidiyo na Maraɗi da garuruwan jahar, irin su Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ya san sunan Jack Bauer, jarumin wasan telebijin mai suna 24, wanda aka fara nunawa a Amurka a shekarar 2001, masu jin Faransanci kuma suka san shi da 24 heures chrono. A gefen wannan jarumi akwai ɗiyarsa Kim, wadda masu kallo da yawa suka ƙi jininta, domin kullum tana faɗawa cikin haɗari tana raba hankalin ubanta. Haka aka yi wa Dana Brody a wasan Homeland da ya fara a 2011, alhali kuwa wayar da ta buga wa ubanta ce ta hana shi tayar da bam ɗin da ya ɗaura a jikinsa. Haka kuma aka yi wa Paige Jennings a wasan The Americans. Abin da ya faru sau uku ya cancanci a tsaya a dube shi: me ya sa mai kallo yake yafe wa uban da ya yi kisa, ya kasa yafe wa ɗiyar da ta yi tambaya?

Labarin Paige ya fi sauran zurfi. An nuna wasan daga 2013 zuwa 2018, kuma wanda ya ƙirƙira shi, Joe Weisberg, tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka ne, wato CIA. Iyayen yarinyar, Philip da Elizabeth, jami'an KGB ne na Tarayyar Sobiyat da suke zaune kusa da birnin Washington a zamanin shugaba Reagan, suna fakewa da kamfanin shirya tafiye-tafiye. Ɗiyarsu ta tashi tana ganin suna fita cikin dare, suna ƙulle kansu a ɗakin wanki, suna kawo dalilan da ba su haɗuwa. A zango na uku, tana da kimanin shekara 15, ta tsare su ta nemi gaskiya, suka faɗa mata, suka kuma gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa. Da abin ya yi mata nauyi, sai ta ɗauki waya ta shaida wa faston majami'arsu cewa iyayenta ƴan Rasha ne.

Nan ne masu kallo da dama suka fusata. Aka kira ta mai ƙorafi, mai tona asirin gida. Amma in aka ɗora laifuffukan bisa ma'auni, abin ya zama da mamaki. A wannan zango ɗin Elizabeth ta tilasta wa wata tsohuwa, wadda ba ta yi laifin kome ba sai ganinta da ta yi, ta haɗiyi magungunan ciwon zuciyarta har ta cika. Philip kuwa ya auri wata sakatariyar hukumar FBI da sunan ƙarya, don ya riƙa samun sirrin ofishinsu. Duk wannan bai hana a so su ba.

Dalili na farko yana cikin ginin wasan. Tun kashi na ɗaya aka sanar da mai kallo asirin, don haka ya zama abokin ɓoyo; zuciyarsa tana bugawa duk lokacin da za a kama iyayen, kuma duk wanda ya matso kusa da asirin ya zama abokin gaba, ko da yarinyar gidan ce. Dalili na biyu shi ne, wasan leƙen asiri da sauri yake tafiya, ita kuwa yarinyar tsayar da shi take yi, ta tuna wa kowa cewa ƙarya tana da kuɗi, kuma wani ne yake biya. Gaskiya ɗaci gare ta, har a gidan kallo.

Sai dai ba daidai ba ne a yi watsi da hujjar masu fushi, musamman a ƙasar Hausa inda rufin asiri yake da babban matsayi. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya kuma ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Paige ba ta auna abin da maganarta za ta jawo ba: ta sa iyayenta cikin haɗarin kurkuku, ta sa ran faston cikin haɗari, don kuwa an yi shawarar kashe shi. Wanda ya ce ta yi wauta bai yi ƙarya ba.

A cikin nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wanda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jera halaye goma, daga cikinsu akwai gaskiya da amana. A zaman yau da kullum tare suke tafiya. A wurin Paige sun rabu: in ta riƙe amanar iyaye ta zama mai ƙarya a gaban kowa, in ta faɗi gaskiya ta ci amana. To, amma wa ya raba su? Amana igiya ce mai baki biyu, kuma iyayen ne suka fara sakin nasu, ranar da suka ba ta suna da ƙasa da tarihin da ba na gaskiya ba. Bugu da ƙari, rufin asirin da al'ada ta yaba shi ne na suturta talauci, ko ciwo, ko kuskuren da ya wuce. Ɓoye cutar da ake ci gaba da yi wa mutane wani abu ne daban, kuma ɗora shi a kan yarinya zalunci ne.

Wannan ba tatsuniya ce kawai ba. A watan Yuni na 2010 hukumar FBI ta kama ƴan leƙen asirin Rasha goma, cikinsu har da Andrey Bezrukov da matarsa Elena Vavilova. Ɗiyansu maza biyu, masu shekara 20 da 16, sun ce ba su san kome ba, amma suka wayi gari a Rasha, sunansu da takardunsu sun rushe. Sai a watan Disamba na 2019 kotun ƙolin Kanada ta tabbatar wa ƙaramin cewa shi ɗan ƙasar ne.

Tambayar ba ta yi nisa da jahar Maraɗi ba. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa yankin Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, kuma sanannen abu ne cewa ɓarayin daji suna dogara da masu kai musu labari daga cikin gari. Mai wannan aiki yana da gida, yana da ƴaƴa, wataƙila ɗayansu yana zaune a aji. Ɗalibin da ya daina magana, ko ya riƙa fushi ba dalili, zai yiwu kayan manya ne yake ɗauke da su. In ya buɗe baki, galibi wurin malami zai je, kamar yadda Paige ta je wurin fasto. Ya kamata a tuna cewa shi ma faston bai riƙe maganar ba, ya gaya wa matarsa, haɗarin ya ƙaru. Hakkin malami shi ne ya saurara, ya auna, ya sa tsaron ran yaron a gaba, kada ya kore shi da sunan ladabi, kada kuma ya mai da shi abin labari.

A ƙarshen wasan, iyayen suna gudu zuwa Rasha a 1987, Paige ta sauka daga jirgin ƙasa a bakin iyakar Kanada, ta tsaya ita kaɗai tana kallonsu suna wucewa. Ƙungiyoyin al'adu da suke shirya kallo da muhawara za su amfana in suka tsaya a nan, suka ba matasa dama su fara magana kafin manya su yanke hukunci.