Sarƙoƙin Badagry da abin da ya rage a bakinmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

'Yan'uwa, makon jiya malaman Islamiyyarmu suka kai ɗalibai da wasu iyaye Badagry, inda ake baje kolin zane-zane da hotuna da kayan zamanin cinikin bayi. Yara sun ɗaga sarƙar wuya sun ji nauyinta. Sun ga zanen mutane jere cikin jirgin ruwa kamar buhunan albasa. Sun haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu, sun taka hanyar da in bawa ya bi ta, shi da gida har abada.

Da aka dawo, ƙorafi biyu ya iso mana. Wasu sun ce me ya kai yaran Musulmi wurin hotuna da mutum-mutumi? To, ba mu je don girmama sura ba, ba mu kuma ce a kawo ta gida a ajiye ba. Mun je ne don wa'aztuwa, kamar yadda Alƙur'ani ya yi ta umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen azzalumai.

Wasu kuma sun ce ai tarihin Yarabawa da Turawa ne, ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa. Cikin waɗanda aka loda a gaɓar tekun nan akwai Hausawa masu yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil. A 1807 aka bankaɗo shirin borensu a can. A watan Janairun 1835, cikin Ramadan, Musulmi bayi, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado. An samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mai sarƙar bai tambayi ƙabilarsu ba. Baƙar fata kawai ya gani, ya ce kaya ne.

Amma kada mu tsaya ga zagin Bature. Ɗaya daga cikin gidajen tarihin nan, mai ɗakuna 40 na tsare bayi, na Seriki Williams Abass ne, Musulmi, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi, ya rasu a 1919. A kasuwar Kurmi ta Kano ma an sayar da mutane. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai an haɗiye.

Allah ya sanar da mu a Suratur Rum, aya ta 22, cewa bambancin harsuna da launuka yana cikin ayoyinsa. A Hujurat, aya ta 13, ya sanya taƙawa ce ma'aunin daraja. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) bai kawar da kai ba, ya nuna masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. Sahabi ke nan fa, balle mu.

Mun san zafin a kira mu "aboki" da sigar raini a tasha ko a kasuwa. To, mu me muke kiran maƙwabtanmu in sun ba da baya? Saurayi nawa aka hana aure a unguwar nan, ga addini ga sana'a, don an ce kakansa bawa ne? Ɗan dako nawa muka riƙe wa haƙƙi don ba shi da kowa a Legas? Sarƙar ƙarfe ta koma gidan tarihi, ta baki ce har yanzu muke yawo da ita.

Ranar Lahadi bayan La'asar, ɗalibai za su ba da labarin abin da suka gani a harabar masallaci. An tanadi wurin mata. Mun gayyaci limaman Yarabawa na maƙwabta. Kowa ya zo da iyalinsa, wanda kuma ya san ya taɓa goranta wa wani asalinsa, ya nemi gafararsa kafin ranar.

Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu cikin sarƙa, ya yafe mana, ya tsare harsunanmu. Amin.