Borin Jini Da Fuka: Haƙƙin Jiki Da Haƙƙin Ɗan'uwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci jiki, ya sanya wa kowace cuta sababi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi, idan hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, muna jin sahun sallar asuba ya cika da atishawa da tari. Wannan ba koyaushe mura ba ce. Akwai lalurar da likitoci ke kira alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu wanda ba ya cutar da sauran mutane. Allah ya sanya dakaru masu tsaron jikin ɗan Adam, amma a jikin wasu sai su yi kuskure, su ɗauki ƙura ko ƙwai tamkar abokin gaba, su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da hawaye da yoyon hanci. Ba a ɗaukar ta daga wani, amma sau da yawa tana bin dangi.

Mafi yawanta iri huɗu ce. Ta farko tana kama hanci da ido da ƙirji: ƙurar ɗaki, ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, gashin kyanwa da kyankyasai, kuma su ke tayar wa mai fuka da ciwonsa. Ta biyu ta abinci ce, kamar gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da riɗi. Ta uku ta fata ce, daga baƙin lalle ko sabulu ko ƙarfen ƴan kunne. Ta huɗu daga harbin zuma ko rina, ko daga magani irin su penisilin da Bactrim.

Laifinmu, ya ƴan'uwa, shi ne ƙaryata mai ciwo. Yaro ya ce ƙuli-ƙuli na sa masa borin jini, mu ce tsirfa ce, mu tilasta masa. Amarya ta kumbura bayan lalle, mu ce sammu ne, mu ɗora wa kishiya zunubin da ba ta ɗauka ba. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (S.A.W.) ya yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayin jiki, ga shi kuwa haramun ne ga maza. Idan shari'a ta sassauta hukunci domin ƙaiƙayi, mu su wane ne da za mu raina shi?

Babban magani shi ne mutum ya gane abin da ke tayar masa, ya nisance shi. Mai gudun ƙura ya rufe hanci da rawani ko ƙyalle, a yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa wanke shimfiɗa ana shanya ta a rana. Wanke hanci da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, bayan ya huce, yana sauƙaƙa toshewa. Mai ƙaiƙayi ya ɗora tsumma mai sanyi, kada ya yi ta susa. Ƙwayar kilorfenamin tana kwantar da borin jini, amma tana sa barci, don haka direba da ɗan kabu-kabu su kiyaye. Setirizin ta fi ta sauƙin barci. Muna kuma gargaɗi game da deksametazon da ake saye wurin masu tallar magani: yawan shanta ba da umurnin likita ba yana jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi.

Mai fuka kada ya rabu da abin shaƙarsa. Malamai sun yi saɓani ko yana karya azumi, amma wanda numfashinsa ya sarƙe ya shaƙa nan take, domin Allah ya yi wa maras lafiya rangwamen sha da ramuwa.

Sai babban haɗari. Idan bayan cin abinci ko harbi ko allura leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, ko mutum ya suma, to, rai na iya fita cikin mintoci. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a bari ya tashi yana tafiya. A garzaya da shi asibiti, domin maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, addu'a kuwa a yi ta a bisa hanya. Wanda magani ya taɓa yi masa haka ya rubuta sunansa, ya faɗa wa kowane likita.

Daga ƙarshe, mu duba masallatanmu. Dardumar da ta shekara ba a kakkaɓe ba, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, sun hana wasu bayin Allah jam'i, suna jin kunyar faɗa. Mu fitar da shimfiɗu a kakkaɓe tun kafin lokacin salla, mu buɗe tagogi, mu sa turaren da wuri hayaƙinsa ya fita kafin jama'a su taru.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sanya ciwonsu kaffara, ya tsare mu daga cutar da ɗan'uwa da sani ko da jahilci. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.